Dajin Hanta, Gyaɗar Rumbu da Mas'alar Sababi

A ƙauyukan ƙasar Bagwai, kamar sauran karkarar arewacin Kano inda gona ke haɗe da gona, idan magidanci mai ƙarfi a jika ya fara ramewa, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, har aka kai shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano likitoci suka ce dajin hanta ne kuma ya riga ya ci jiki, bayani iri biyu ne ke yawo a bakin masu zuwa dubiya. Wasu su ce haka Allah Ya ƙaddara, sai haƙuri. Wasu kuma su rage murya su ce akwai hannu a ciki, suna nufin sammu ko jifa. Bayanin farko gaskiya ne da babu mumini mai musunsa, sai dai sau da yawa ana kawo shi ne domin a rufe bincike, na biyun kuma zato ne da ke raba zumunci ba tare da hujja ba. Binciken da masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna yi kan yadda daji ke farawa a cikin jiki ya kawo bayani na uku, kuma abin da ya cancanci nazari shi ne matsayin wannan bayani a wurin mai imani da ƙaddara: shin yana rage mata wani abu, ko kuwa nauyi yake ƙara wa ɗan'adam?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai waɗanda ido ba ya gani, adadinsu ya kai tiriliyan talatin ko fiye, kuma in ban da irin su jajayen ƙwayoyin jini, kusan kowace ɗaya tana ɗauke da cikakken umarnin gina jikin da tafiyar da shi. Wannan umarni yana rubuce ne a jikin wani dogon zare na sinadari da ake kira DNA, wanda haruffansa huɗu ne kacal, masana suna yi musu alama da A, C, G da T, amma jerinsu ya kai kimanin biliyan 3, kuma a cikinsa akwai sassa wajen 20,000 da ake kira ƙwayoyin gado, kowanne da aikin da yake umarta. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, domin yaro ya girma ko rauni ya warke ko a maye gurbin wadda ta tsufa, dole ne a kwafi wannan rubutu gaba ɗaya. Aikin ya yi kama da na malami mai kwafin littafin ajami da hannu, wanda yake da mai bita a gefensa yana kama masa tuntuɓen alƙalami: kuskure yana da wuya ƙwarai, amma idan littafin mai tsawo ne kuma aka yi ta kwafarsa daga kwafi zuwa kwafi, dole wani wasali ya kuɓuce wa su biyun. Mafi yawan irin waɗannan kurakurai ba su cutar da kowa, domin suna faɗawa ne a wuraren da ba su canja ma'ana.

Cutar tana farawa ne idan kuskure ya faɗa kan ɗaya daga cikin rukuni biyu na ƙwayoyin gado. Rukuni na farko shi ne masu umartar ƙwayar jiki ta hayayyafa. A shekarar 1976 Michael Bishop da Harold Varmus, a Amurka, suka nuna cewa ƙwayar gadon da ke sa wata ƙwayar cuta haifar da daji a jikin kaji asalinta ta lafiyayyen jiki ce da ta gurɓace. Rukuni na biyu shi ne masu tsawatarwa, waɗanda ke dakatar da hayayyafa idan an sami ɓarna, kuma Alfred Knudson ne ya share fagen fahimtarsu a 1971 da nazarinsa kan dajin ido na ƙananan yara. Mafi shahara a wannan rukuni ita ce wadda ke samar da sinadarin p53, wanda aka gano a 1979: idan rubutun ƙwaya ya lalace, shi ne ke tsayar da ita har a gyara, idan kuma gyara ya gagara, ya umarce ta ta kashe kanta domin sauran jiki ya tsira. An sami wannan mai tsaro a lalace a kusan rabin dukkan cututtukan daji na ɗan'adam. Kuskure ɗaya bai cika isa ba; sai an tara da yawa cikin shekaru, ɗaya bisa ɗaya, kafin ƙwaya ta daina sauraron umarni ta ci gaba da hayayyafa a kan dukiyar maƙwabtanta.

Wannan bayani yana da nauyi ga mai tunani a kan hikimar halitta, domin ya nuna cewa baiwar da ke rufe rauni, ta mayar da jini bayan haihuwa, ta kuma raya hantar da aka yanke wani sashe nata, ita ce dai ke zama daji idan ta fita daga iyaka. Jikin da ba zai taɓa yin daji ba shi ne jikin da ƙwayoyinsa ba su rabuwa, irin wannan jiki kuwa ba zai girma ba, ba zai warke ba. Malaman tauhidi sun daɗe suna cewa ba a halicci sharri tsantsa ba, abin da ake gani sharri ta wata fuska yana rataye ne da wani alheri mafi faɗi. A nan ana ganin maganar tasu a cikin tsokar jiki. Wannan ba ya rage wa majinyaci zafi ko kaɗan, kuma bai dace a karanta masa shi a bakin gado ba, amma yana kawar da tunanin cewa dole sai wani maƙiyi ya turo cutar daga waje.

A shekarar 2015 wasu masana biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Cristian Tomasetti da Bert Vogelstein, suka buga wani nazari da ya tayar da ƙura, inda suka nuna cewa sassan jikin da ƙwayoyinsu suka fi yawan rabuwa su ne suka fi kamuwa da daji, suka kuma kira babban kaso na lamarin rashin sa'a. A 2017 suka faɗaɗa lissafin, suka raba kurakuran da ke haifar da daji gida uku: kimanin kashi 66 cikin ɗari daga tuntuɓen kwafi, kashi 29 daga abubuwan muhalli kamar taba da ƙwayoyin cuta da gurɓataccen abinci, kashi 5 kuma daga gado. Masana da dama, har da cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, sun soki yadda aka fahimci nazarin farko, suna masu cewa bambancin yawan daji tsakanin ƙasa da ƙasa hujja ce cewa ana iya kauce wa kaso mai yawa. Muhawarar ba ta ƙare ba, amma rabon gida ukun ya tsaya, kuma shi ne ke da amfani ga wannan bahasi.

Musulmi zai iya jin kalmar sa'a ta yi masa tsauri, kamar ana cewa akwai abin da ke faruwa a mulkin Allah ba da saninSa ba. Amma abin da masanin kimiyya ke nufi ya fi haka ƙanƙanta: yana nufin ba shi da hanyar da zai faɗi tun kafin lokaci wace ƙwaya ce, a jikin wane mutum, kuskuren zai faɗa wa, ko da yake yana iya faɗin mutum nawa cikin dubu ɗari zai samu. Wannan iyakar sanin bawa ce, kuma ba ta hukunta komai a kan sanin Ubangiji. Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta ɗaya gefen, inda masanin ya ce ya san sababi.

Malaman ƙasar Hausa sun gaji wannan bahasi ta hanyar littattafan Shaihu Muhammadu ɗan Yusufu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, waɗanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan Kano da Katsina. A wurinsa alaƙar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, hukunci ne na al'ada, wato haɗuwar abu biyu da aka sani ta hanyar maimaituwa, wadda za ta iya saɓawa, kuma ba ɗayan ne ke yin tasiri da kansa ba. Allah ne ke halittar ƙunar a lokacin haɗuwar. Wannan shi ne tafarkin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kare da misalin wuta da auduga, Ibn Rushd na Andalus kuma ya yi masa raddi da cewa wanda ya kore sabubba ya kore ilimi, tun da sanin abu shi ne sanin sababinsa. Ibn Taimiyya ya bi hanya ta uku, cewa Allah Ya sanya ƙarfi na haƙiƙa a cikin sabubba, amma babu sababin da ke cin gashin kansa, kowanne yana buƙatar mataimaka da gushewar abin da zai hana shi. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ya halatta wa mutum ya sa hannu a wuta. Saɓaninsu a kan haƙiƙar alaƙar ne. A kan wajabcin aiki da ita kuwa bakinsu ɗaya.

Ƙasar Bagwai tana da nata misalin da ya fi wuta da auduga kusa. Ban da noman rani da madatsar ruwa ta Watari ta samar, manoman yankin suna shuka gyaɗa da masara tare da gero da dawa, kuma gyaɗa ita ce amfanin da ya taɓa ɗaga sunan Kano a duniya zamanin dala. Akwai wata hunhuna mai launin kore-kore da rawaya, masana suna kiranta Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasa, tana shiga kwanson gyaɗa musamman idan ruwa ya ɗauke kafin ta gama nuna, ƙasa ta yi zafi, kwanso ya tsage, ko gara ta huda shi, ko fartanya ta sare shi wajen cira. Idan aka tara gyaɗar da sauran danshi, ko ruwan ƙarshen damina ya dake ta a wurin shanya, sannan aka ɗura a buhu aka jingine a jikin bangon ƙasa, hunhunar sai ta ci gaba da yaɗuwa tana fitar da wata guba da ake kira afulatoksin. An gano gubar ne bayan 1960, shekarar da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Burazil. Ba ta da ɗanɗano ko wari nata na kanta, suya da tafasa ba su kashe ta, saboda haka tana bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli da kunu da yajin tsire.

Idan gubar ta isa hanta, hantar tana ƙoƙarin sarrafa ta domin ta fitar da ita, kamar yadda take yi wa kowane baƙon sinadari, amma a cikin wannan sarrafawa sai gubar ta rikiɗe zuwa wani abu mai manne wa harafin G a jikin DNA, wajen kwafi na gaba kuma sai a rubuta T a gurbinsa. A 1991 ƙungiyoyi biyu na masana, ɗaya tana nazarin majinyatan Cidong a ƙasar Sin, ɗayar kuma na kudancin Afirka, suka gano cewa a cikin dajin hanta na waɗannan wurare sauyin yana yawan faɗawa ne a wuri guda tak, matsayi na 249 na ƙwayar gadon p53, inda AGG ke komawa AGT. Wannan sauyi yana da wuyar samu a ƙasashen da abincinsu ba shi da gubar, daga baya kuma an same shi a jinin majinyata a Gambiya. Ma'anar wannan ita ce masani yana iya duba ƙari da aka ciro daga hantar mutum ya ga tambarin abin da mutumin ya ci shekaru da dama da suka wuce.

Gubar ba ita kaɗai take aiki ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B, wadda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na baligan Najeriya suna ɗauke da ita, tana zama a hanta shekaru tana hura kumburi, ƙwayoyi suna mutuwa ana maye gurbinsu, yawan kwafi kuma yana ƙara yawan kuskure. Ana ɗaukarta daga uwa wajen haihuwa, ko tsakanin yara, ko ta aska da allurar da aka yi wa mutum fiye da ɗaya aiki da su, kuma jaririn da ya kamu, a cikin goma tara suna riƙe ta har abada, alhali babban da ya kamu yawanci jikinsa yana korar ta. Wani dogon nazari da aka yi a Shanghai ya nuna cewa gubar kaɗai tana ninka haɗarin dajin hanta sau uku da ɗoriya, ƙwayar cutar kaɗai sau bakwai, amma idan suka haɗu a jiki ɗaya ninkin yana kaiwa kusan sittin.

A nan ne dattijon ƙauye ke kawo hujjarsa, kuma hujja ce da ta cancanci amsa: iyaye da kakanni sun ci wannan gyaɗa har suka tsufa, ga wane ma da ya fi kowa cin ƙuli-ƙuli yana nan garau, alhali wanda ya mutu bai fi shi ci ba. Wuta tana ƙona auduga duk lokacin da suka haɗu, shi ya sa ba a gardama a kanta. Wannan sababi kuwa yana kama ɗaya ya bar ashirin, kuma tsakaninsa da sakamakonsa akwai shekaru masu yawa. Amsar ita ce al'adar da Allah Ya gudanar a halittarSa iri biyu ce, akwai wadda ake gani a kan mutum ɗaya, akwai wadda ba ta bayyana sai an dubi jama'a. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin cutar hanta a 1984, kafin shekaru goma sha biyar yawan dajin hanta a tsakanin yaranta ya faɗi ƙwarai. A Cidong, da mutane suka koma cin shinkafa maimakon masara daga shekarun 1980, gubar ta ragu a jininsu, mace-macen dajin hanta kuma suka biyo baya wajen raguwa. Ma'anar maimaituwa da Sanusi ya gindaya ta cika a nan, har da yiwuwar saɓawa da ya ambata, domin wanda ya tsira duk da ya ci shi ne saɓawar. Manomin da ke zuba taki ya riga ya yarda da irin wannan sababi, tun da ya san ba kowace shekara takin ke biya ba, amma bai taɓa barinsa saboda haka ba.

Idan haka ne, sanin sababi bai fitar da komai daga ƙarƙashin ƙaddara ba, abin da ya yi shi ne ya matsar da wani yanki na lamarin daga inda ba a neman komai wurin bawa sai haƙuri zuwa inda za a tambaye shi. Kakan da ya ci gyaɗa mai hunhuna a 1940 babu laifi a kansa, domin babu mahalukin da ya san abin da ke cikinta; jikansa da aka sanar da shi, hukuncinsa daban ne. Sayyidina Umar, da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa da cewa inda ya nufa ma ƙaddara ce, ya kuma kawo misalin makiyayin da ke zaɓar gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Shugabannin jihadin Sakkwato sun fahimci haka, shi ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, bai ga rubuta littattafai kan magunguna da cututtuka ya saɓa wa tawakkali ba.

Sai dai wannan ilimi da ke ɗora nauyi shi ne kuma ke hana zargi, kuma wannan gefen ne aka fi mantawa. Tun da babban kaso na kurakuran yana zuwa ne daga kwafin da babu mai iko a kansa, ba daidai ba ne a dubi majinyaci a ce sakacinsa ne ya jawo masa, balle a ce alhaki ne ke bibiyarsa. Ko wanda aka ga tambarin gubar a hantarsa, wataƙila ya ci ta ne a kunun da aka ba shi yana yaye. Haka nan ba daidai ba ne a dubi kishiya ko ɗan'uban da ake rigimar gona da shi. Idan daji ya kama mutum biyu ko uku a gida ɗaya, abin da ya kamata a fara tunawa shi ne sun sha nono ɗaya, sun ci daga rumbu ɗaya, wataƙila aska ɗaya ta yi musu kaciya, kuma gwajin jini mai sauƙi zai nuna ko sauran 'yan gidan suna ɗauke da ƙwayar cutar. Tuhumar Musulmi da kisa ta hanyar asiri ba tare da shaida ba zunubi ne tabbatacce, ana aikata shi domin bayyana abin da yake da bayani.

Nauyin da ya rage bai faɗa kan kowa daidai ba. A al'adar kasuwa, gyaɗa mai kyau ita ake kaiwa a sayar, wadda aka tsince, mai ƙwarzane da motsattsiya da mai baƙi, ita ke komawa gida ko a sayar da ita da araha ga masu yin mai da ƙuli-ƙuli, alhali a cikinta gubar ta fi taruwa. Ke nan tsintar da ake koya wa mutane tana tsabtace abincin mai kuɗi ne ta tattara gubar a kwanon talaka, matuƙar ba a zubar da abin da aka tsince ba, zubarwa kuwa asara ce da matar da jarinta bai wuce kwano biyar ba ba za ta iya ɗauka ita kaɗai ba. Hadisi ya zo da labarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma hana mai shi ɓoye jiƙaƙƙen a ƙarƙashin busasshe. A da ana karanta wannan a babin algus, wato cutar da mai saye a dukiyarsa. Abin da aka sani yanzu game da danshi da hunhuna ya shigar da shi babin kare rai, wanda malaman usulu suka sa gaba da kare dukiya. Ɗan kasuwar da ke yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi nauyi ko ta yi sauƙin ɓarewa, ko mai gauraya ruɓaɓɓiya cikin mai kyau, ya kamata ya ji wannan daga bakin limaminsa.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya kuwa yana komawa farilla a kan jama'a, wadda idan babu wanda ya tsaya mata kowa ya yi laifi. Najeriya ta sa rigakafin cutar hanta nau'in B cikin alluran yara tun 2004, kuma allurar farko ta fi amfani idan an yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sharaɗin da ke da wuya a inda mata da yawa ke haihuwa a gida kuma jariri ba ya fita sai bayan suna. Wannan aiki ne na ungozoma da mai unguwa da maigida tare. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da irin hunhunar da ba ta fitar da guba, ana watsa ta a gona makonni biyu zuwa uku kafin fure domin ta riga mai gubar kama wuri. Shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, da ɗora buhu a kan katako nesa da bango, ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Amma manomin Bagwai da ya yi duk wannan zai kai gyaɗarsa kasuwa a auna ta da kwano ɗaya da ta wanda bai yi ba, a biya su farashi ɗaya, domin ido ba ya bambance su kuma babu na'urar gwaji a wurin awo, kuma gyara wannan yana hannun hukuma da manyan masu saye.